Sunaye Takwas da Kakana Ya Bar Mini

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Malam Isa. Ina Riyad aka binne shi. Na ji labarin a waya, na yi salati, na koma bakin aiki. Har yanzu kukan bai zo ba.

Zamanin da Turawan Ingila suke yaƙi da Jamus, an ɗebi mutum tara a ƙauyenmu su yi wa sojoji dako. Mahaifin Kaka kaɗai ya dawo. Ya ce Bature lamba ya rataya musu a wuya, bai tambayi sunan kowa ba. Saboda haka kowace Juma'a yakan jero sunayen takwas ɗin, ya roƙa musu gafara. Da ya rasu, Kaka ya ɗauka.

Ranar da zan taho ya zaunar da ni ya ce in haddace. Hankalina yana kan jirgi. Na ce, "Kaka, faɗa kawai, waya za ta riƙe."

Ya ce, "Ja'iri, kan naka na ɗaukar hula ne kawai?" Ya yi dariya, ya faɗa, na naɗa.

Ban taɓa saurara ba. Bayan rasuwarsa ma na kasa, don ba na son jin muryar. Da wayar ta lalace na kai wa mai gyara a unguwar Gubaira, ya ce sai an goge komai. Na san abin da ke ciki. Na ce, "Yalla, maza goge," saboda motar kamfani tana jirana. Ba mantuwa ba ce, ba kuma zan ɗora wa kowa ba.

Na tambayi gida. Baffana ya tuna biyu, gwaggo ta tuna ɗaya. Kowa ya ɗauka suna wurina.

Yanzu a wani sito nake lodi, a Birnin Masana'antu na Biyu. Mudir, wato manajanmu, da lambar da ke ƙirjina yake kirana. Da Kaka zai gani, ban san ko zai yi faɗa ba. Wataƙila zai tambaya ne kawai wa zai riƙe nawa sunan.

Ran Juma'a, in an sallame a masallacinmu na unguwar Manfuha, nakan ɗaga hannu in ce: Tanko Maƙeri, Barau na Hajo, Audu Dogo. Sai in yi shiru daidai tsawon suna biyar, sannan in shafa.