Ƙafar Liman

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ko wadda ta biyo ta, Baba ya zame a bakin rijiyar fadamarsa ta albasa a Katanga, ya karye a idon sawun dama. Muka kai shi Aliero wurin masu ɗori, ƙashi kuwa ya kama lafiya lau. Sai dai da aka kwance karan, ƙafar ta sandare kamar taɓarya, kullum da yamma ta kumbura.

Ga wani, wannan ɗingishi ne kawai. Baba kuwa shi ne limamin masallacin unguwarmu tun ban san kaina ba. Ƙafar dama ita ake kafewa kan yatsu a zaman tahiya, da ita ake yunƙurawa daga sujada. A karatunmu kuma, mai salla a zaune ba ya jan waɗanda ke tsaye.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Maiyama. Da hutu ya zo na ja Baba, yana ta faɗa, zuwa wurin wani ma'aikacin gashin ƙashi a asibiti a Jega. Mutumin ya lallatsa ƙafar, ya ce ba ta mutu ba, amma tana bukatar lallami: a gasa ta da ruwan ɗumi safe da yamma, ya riƙa murza kwalba a ƙarƙashin tafin, ya maƙala tsumma a yatsun yana ja a hankali. Ya ce kuma dole Baba ya yi wata biyu yana salla a zaune. In ya ci gaba da danne ta, wata rana za ta ƙi shi gaba ɗaya.

Baba ya yi godiya har da addu'a. Muna fita ya dube ni.

"In zamna jama'a na tsaye? To mi ya rage?"

Na ce ai na'ibinsa zai riƙe masa. Ya ce kujerar da aka ara wata biyu, mai ita baƙo yake komawa.

Komai ya yi, ban da sallar zaune. Ni nake gasa masa, ina gani. Kwalbar man ja ta sha murza har ta yi santsi, tsohon rawaninsa ya zama abin ja. Amma da an kira salla sai ya miƙe ya tafi ya rushe aikin. Wallahi haushi ya ishe ni, har na ce masa ruwa muke zubawa a kwando. Ya ce tun da na ci boko bakina ya buɗe.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. Surorinsa suka gajarta. Kumburin ya haura ƙwauri, fatar ta yi sheƙi, takalmi ya daina shiga. Daga sahu ina jin numfashinsa duk lokacin da zai tashi. Dattawa suka koma yi masa sannu da yawa, irin wadda ba ta da daɗin ji. Na'ibin, bawan Allah, ya daina tsayawa ko'ina sai daidai bayansa. Tsoro ya kama ni, na fara ƙirga raka'o'i maimakon in yi salla.

Ran wata Laraba da la'asar, a raka'a ta uku, muka yi sujada. Shiru. Goshina na kan tabarma, na yi tasbihi uku, na yi bakwai, na daina ƙirgawa. Wani ya yi gyaran murya. Na ji motsin tufa a gaba, an yunƙura, an koma. Aka sake yunƙurawa. Ɗansa ne ni, taku uku tsakaninmu, ba halin in ɗaga kai.

Can aka yi kabbara, muka tashi. Ba muryar Baba ba ce.