Taswirar da Kawu Ya Sa Ni Zanawa

Yayana yana zaune a tsakiyar Amurka, a wata ƙaramar gunduma da ya ce gonakin masara sun fi gidaje yawa. Wata shekara ya aiko mana da ambulan, a ciki da hotunan 'ya'yansa da taswirar gundumar a ninke. Tituna duk a miƙe, murabba'i kusa da murabba'i, ga rafi guda, ga ƙananan garuruwa kowane da ɗigonsa.

Ranar Juma'a ce. Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, ya biyo ta gidanmu a unguwar Ridina bayan masallaci. Shi ne mutumin da Hausawan unguwa ke nema in an yi haihuwa ko rasuwa, don ya san wanda za a sanar da kuma inda yake. Hotunan yaran kallo ɗaya ya yi musu ya ajiye. Taswirar kuwa ya shimfiɗa ta a tabarma, ya daɗe a kanta.

"Mutanen da maƙwabcinsu sai an hau mota, su ke da takarda," in ji shi. "Mu da muke numfashi a wuyan juna ba mu da ita. Malama, ba ilimin ƙasa kike koyarwa a lekol, makarantar boko, ba?"

Na ce shi ne.

"To ki zana mana tamu. Duk inda Bahaushe ya aje tukunya a garin nan."

Na sayi babbar farar takarda da biro da fensir. Ranar Asabar muka fara da Ridina. Ina so in rubuta sunayen tituna, Kawu ya ce ba wanda ya san su. Abin da mutane suka sani shi ne lungun mai kifi, da gidan da aka taɓa sayar da ƙanƙara, da kwanar da baƙar akuya ke kwanciya. Na ce, "Kawu, akuya ai tana tashi." Ya ce wannan ba ta tashi, shekara nawa yana wucewa. Na zana akuya.

Tsofaffin Ridina, waɗanda kakanninsu aka haifa a nan, suka riƙa ba ni kwatance rabi Hausa rabi Larabci, in sun gaji su ce "kalas", wato shi ke nan, su nuna da leɓe. Akwai wani fili da muka tsaya a kansa muna gardama: da damina tafki ne har yara na kama kifi, da rani kuma wurin ƙwallo. Kawu ya yanke hukunci in zana ruwa da ƙwallo tana yawo a kai.

A unguwar Paris-Congo muka sami 'yan kasuwar Nijar, masu shagunan atamfa da takalma. Shugabansu dattijo ne dogo, mutumin Damagaram, ya ba mu shayi har zagaye uku. Muna fitowa Kawu ya rage murya.

"Waɗannan da fensir za ki sa su."

"Don me, Kawu?"

"Yau suna nan, gobe suna Diffa. Wata huɗu nan, wata huɗu can. In mutum ya tafi sai ki goge, in ya dawo ki mayar."

Na ga maganar tana da ma'ana, na bi.

Unguwar Gassi ce ta wahalar da mu. Muka shiga ƙaramar bas, muka yi ta tafiya har ƙafata ta mutu a ƙarƙashin buhun albasar wata mata. Can ne sababbin zuwa daga Najeriya suka sayi filaye suna gini. Gidaje ba fenti, ba lamba, kwatancensu duka "bayan bulo ɗin nan". Da na auna nisan, na ga Gassi ba za ta shiga takardar ba ko da na matse ta. Sai na manna wata takardar a gefen dama.

Da na kai wa Kawu aikin, ya tambayi ina gabas. Na nuna masa dama, na ce a ƙa'ida arewa ce ke sama. Ya ce ƙa'idar wa? Musulmi ba ya ajiye gabas a gefe kamar buta. In sake. Na kwana uku ina sakewa, gabas a sama.

Aka kai taswirar ofishin hoto aka buga kwafi da yawa, aka raba a wani taron suna a Ridina. Maza na rumfar waje, mu mata muna ciki, amma taga a buɗe take, ina jin komai.

Wani tsoho ɗan asalin unguwa ne ya fara. "Wa ya ɗora 'yan Gassi a kanmu? Mutanen da suka zo jiya, su ne a sama, mu a ƙarƙashin ƙafarsu?"

Gassi dai gabas take da mu. Kawu bai yi wannan lissafin ba. Na ji yana cewa, "Ai aikin 'yan boko ne, haka ƙa'idarsu take." Ni da ke bayan taga na kusa ƙwarewa da kunu. Wani ɗan Gassi, Bakano, ya ce shi dai bai ga laifin takardar ba, a bar ta haka, Allah ne ya ɗaukaka su.

Ana cikin wannan sai dattijon Damagaram ya miƙe, takarda a hannu, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya dubi Kawu.

"Alhaji, mu muna ina?"

Kowa ya duba kwafinsa. Injin hoton bai ɗauki fensir ba. Paris-Congo fari fat, ba shago ko ɗaya.

"Shekara ashirin ina shan ruwan kogin Shari," in ji shi. "Kun sha shayina har na uku. Ga akuya nan, da ƙahonta da komi, an sa ta. Mu ba a sa mu ba."

Dariya ta ɓarke a cikin mata har uwar jego ta riƙe ciki tana roƙon a bari. Kawu ya ce a kira Malama. Na yafa gyale na fito da takardar asali, na nuna wa dattijon shagonsa, ga shi nan dishi-dishi. Ya sa tabarau ya duba. Ya tambayi me ya sa nasu kaɗai ne da fensir. Na kalli Kawu. Kawu ya kalli rufin rumfa.

Ban tona shi ba. Na ce biro ne ya ƙare mini ranar. Dattijon ya zaro nasa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce wannan ba ya ƙarewa. A nan gaban jama'a, a kan faifai, na bi shagunansu ɗaya bayan ɗaya da tawada, yana tsaye a kaina yana gyara mini: nasa ya fi na maƙwabcinsa faɗi, in ƙara masa kaɗan. Su kuma tsofaffin Ridina suka sasanta da kansu: kowa ya riƙe kwafinsa a kife, ƙafar akuya a sama, Gassi a ƙasa.

Mako guda bayan haka dattijon ya loda kaya ya tafi Nijar. Sai da ya yi wata biyar. Sau biyu yana bugo wa Kawu waya daga can, bayan gaisuwa ya ce a tambayi Malama ko yana nan a taswirar. Kawu ya ce masa yana nan daram, har ya fi da ƙiba.