Mai Agogo da Ƙiftawar Allo

Yayana ya shekara ashirin da biyu yana faɗa da abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. In ka tambaye shi aikinsa, sai ya ce agogo yake tayarwa. Shi ya sa dangi suka laƙaba masa Mai Agogo, kuma da wuya baƙo ya shiga gidansa bai zaro mataccen agogon hannu daga aljihu ba. Kunya ta hana Yaya cewa ba irin wannan yake nufi ba. Sai ya sayi 'yar sukudireba ya koyi canza batir, yana yi yana murmushi, ni kuwa ina gefe haushi kamar ya kashe ni.

Agogon da yake nufi ba ya nuna lokaci. Wani bugu ne a cikin na'ura, irin bugun zuciya, in ya tsaya komai ya tsaya. Kamfaninsu na ƙera ƙananan kwamfutocin hannu, shi kuma allon ne rabonsa. Da ka danna maɓalli, wata 'yar manhaja da suke kira butloda ce ke fara farkawa, ta ba allo wuta, ta tayar masa da agogo, ta zana tambarin kamfani. Daga nan ta miƙa ragama ga babbar manhaja, kanel, ta yi tafiyarta. To ita kanel halin mai gida mai tsumulmula gare ta. Tana shiga sai ta bi ɗaki ɗaki, duk fitilar da ta tarar a kunne ba wanda ya ce tasa ce, ta kashe. Manhajar da Yaya ke rubutawa, mai kula da allo, takan iso a makare, kafin ta ce nawa ne an riga an kashe. Allo ya yi baƙi ƙirin, sannan hoto ya dawo. In Yaya ya kori wannan baƙin a samfuri ɗaya, sai ya ɓullo a na gaba.

Sau nawa ya yi min bayani ban gane ba, sai da matarsa ta sa baki. Malamar jinya ce, ba ta da dogon zance. Ta ce in ta karɓi aiki daga wadda ta tashi, ba ta cire wa majinyaci ƙarin ruwa ta sake ɗaurawa don a san ta zo. Dubawa take ta ga abin da ke tafiya, ta sa hannu a takarda, daga nan ya zama a wuyanta. Abin da mijinta ke son koya wa na'ura ke nan.

Ni dai na san inda abin ya samo asali. Muna yara, in Baba ya kashe tsohuwar talabijin ɗinmu, hoton kan tattare ya zama ɗigon fari a tsakiya, ya yi ta ƙanƙancewa. Yaya kan manna fuska yana binsa da kallo, yana tambayar ina mutanen ciki suka tafi. Ya girma, ya yi furfura, tambayar ba ta sake shi ba. Da rana in haske ya ratso labulen ɗakin aikinsa ya sauka kan koren farantin cikin na'ura mai wayoyi, sai ka same shi ya yi tagumi, shayi ya huce a gefe. Wata rana ya ce min a cikin wannan ɗan duhun da allo ke yi, na'ura ba ta da kowa, na farko ya tafi, na biyu bai iso ba, kuma shi tausayinta yake ji. Na ce ya ji tausayin shayin tukuna.

Bara likita ya gaya masa jijiyar idonsa na mutuwa. Duhu ya fara cin ganinsa daga gefe, yana matsowa tsakiya a hankali. Na yi kuka a mota ranar, shi kuwa yana ta lissafin kwanaki, don an ce ƙarshen wata zai miƙa aikinsa ga wata abokiyar aikinsa. Sabon samfurin kuma yana ƙiftawa. A ofis kowa ya ce ya bar shi, ba wanda ya taɓa dawo da kaya saboda rabin daƙiƙa. Ya ce ba zai miƙa wa kowa duhu ba. Ya naɗe farantin da allon a tawul ya kawo gida.

Matsalar ita ce ya daina bambance duhun allon da nasa. Kwamfuta kan karanta masa rubutu da murya, amma ba za ta gaya masa abin da ido ya gani ba. Sai aka ɗauke ni aikin kallo. Ya danna, ni in zuba ido in ce ya ƙifta ko bai ƙifta ba. Ya roƙi kanel ta dakata da kashe fitilu har manhajarsa ta iso. Ya gyara jerin, wuta tukuna, sannan agogo, sannan a leƙa abin da butloda ta bari. Sau ɗaya ya leƙa kafin ya kama agogon, na'urar ta sandare kamar an tsafe ta. Kwana tara ina faɗin abu ɗaya, ya ƙifta, har na gaji, na gaya wa matarsa a kicin cewa gobe zan ce masa ya gyaru, ai ba gani zai yi ba. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta.

"Idonsa ne ya tafi, ƙanwata, ba hankalinsa ba. In ba za ki iya ba, ba ni kujerar."

Kunya ta rufe ni, na ba ta.

A kwana na sha ɗaya, muryar kwamfuta na karanto masa tsofaffin layuka, sai ya ce ta tsaya ta maimaita. Layi uku ne da shi da kansa ya rubuta tun yana sabon ma'aikaci, aka yi ta kwafe su daga samfuri zuwa samfuri. Suna kashe allon su sake kunnawa da zarar manhajarsa ta iso, domin abin da aka koya wa su Yaya ke nan, kada ka yarda da abin da ka tarar, share ka fara daga tushe. A samansu ya bar 'yar sanarwa, wai don tabbatarwa. Ashe kanel ta daɗe da daina kashe komai. Shi ne ke shigowa ya kashe fitilar da hannunsa. Ya yi dariya har ya dafe ciki, ya ce shekara da shekaru yana zagin mai gida. Ya goge layukan, ya rubuta wasu da ke dubawa ko allo a kunne yake, in a kunne yake su karɓe shi a yadda yake.

Ranar Asabar da la'asar muka taru a ɗakin. Matarsa ta ja kujera gaban allon, ya lalubi maɓallin ya danna. Tambari ya fito, ya tsaya, ya tsaya, sai hoton farko ya hau kansa salin alin. Ta ce ya sake. Sau goma yana dannawa tana kallo.

"Bai ƙifta ba," in ji ta.

Sai ya tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsar, "Ko dai ke kika ƙifta tare da shi?"

Ta kamo hannunsa ta ɗora a kumatunta. Jiƙe suke sharkaf, don tun dannawar farko ta hana idonta rufewa, ya yi ja, ruwa na bin haɓarta. Ya daɗe bai janye hannun ba.

Daga baya ya ce in kashe in sake kunna masa. Ya matso da fuskarsa dab da allon, yadda yake yi wa talabijin ɗin Baba, ya sa ɗan ganin da ya rage masa a tsakiyar hasken. Ranar Litinin ni na kai shi ofis, ya miƙa farantin a kunne.