Motar Marigayi Alhaji

Jama'a, yau wata hajiya ta mayar da ni aji ɗaya, ni da na kai har aji huɗu.

Da hantsi aka jawo mini wata tsohuwar mota daga Roni, mai ƙofa biyu, a durƙushe kamar kwaɗo. Ta marigayi mijin hajiyar ce, ta daɗe a rufe. Na ɗaga bonet, babu kafireta. Sai wani ƙarfe mai bututu shida, shi ke raba wa injin mai. Na kwance shi, na canza robobin da suka bushe. A tsakiyarsa akwai ɗan fistin da bai kai yatsa ba, ya liƙe. Na ɗauko samfefa in goge shi yadda muka saba.

Hajiyar tana tsaye a gefena, ta ce, "Baba Makaniki, ajiye wannan."

Na ce, "Hajiya, shekara arba'in ina guga."

Ta ce, "Ka goge shi sau ɗaya, motar ta bi mai ita. Babu irinsa ko a Kano. Alhaji a fetur yake jiƙa shi, ni ke riƙe masa faranti."

Na jiƙa, ina gunaguni. Bayan azahar ya zame da kansa. Na haɗa, na zuba sabon mai, na murza makulli, ta tashi da gurnani!

Na ce, "To, ina za a kai ta?"

Ta ce ba ko'ina. Ta shiga ta zauna a kujerar gefe ta rufe ido.

"Bar ta ta ɗan yi. Da wannan ƙarar nake sanin ya dawo gida."