Katangar Verna Kuchta

Duk wanda ya taɓa bin titin da ke gaban filin ƙwallon Amurka na garin nan ya san katangar Verna Kuchta, ko da bai san Verna ba. Ta katako ce, doguwa, tana kallon ƙofar da 'yan wasa ke shiga. Mijinta Norbert ne ya kafa ta tun suna da haƙoransu, shi ne kuma ya tsiro da al'adar. Kowace shekara, ana saura mako guda a buɗe kakar wasa, sai a shafe ta da shuɗin fenti, launin ƙungiya, a rubuta magana ɗaya da manyan fararen haruffa. Maƙwabta su taru, a gasa nama, a sha giya, kowa ya ɗan ja burushi. Ranar wasan farko motar 'yan wasa takan rage gudu a wurin, direba ya danna oda, ƙattin nan masu wuya kamar turmi su leƙo ta taga suna karantawa.

Verna ba 'yar hutu ba ce. A masana'antar takarda ta ƙare ƙuruciyarta, har ƙarar inji ta kashe mata kunne ɗaya, shi ya sa take magana kamar da wanda ke tsallaken kogi. In ƙanƙara ta binne kujerun fili aka nemi masu kwashewa, da shebur ɗinta take zuwa, ta riga maza. Da Norbert ya rasu mutane suka ce shi ke nan, katanga ta bi mai ita. Ta sayo fenti ta ba su kunya.

Bana kam komai ya taru mata. Ƙungiya ta ƙare bara a can ƙasa, masu ita suka sallami tsohon mai jefa ƙwallo, jagoran 'yan wasa, wanda rabin karnukan garin sunansa suka ci, suka kawo wani yaro da ya fito daga jami'a jiya-jiya. Masu surutu a rediyo, waɗanda ko ƙwai aka jefa musu ba za su cafe ba, suka yanke hukunci cewa kakar bana ta mutu tun ba a haife ta ba. Verna ta zame a banɗaki aka yi mata aiki a ƙugu. Tana asibiti iskar Agusta ta kwantar da katangar ƙasa warwas.

Ɗanta Darrell ya taso daga Arizona, jihar nan mai zafin rana inda yake zaune. Tana kwance magani na juya mata kai ya samu ta ce to, a sayar da gidan. Kafin ta dawo ya kwashe katakon, ya sa an shafe gidan fari fat, ya shirya da dillaliya za ta kawo masu saye ranar Asabar. Asabar ɗin fenti ke nan.

"Mama, katanga ta faɗi, ƙungiya ta faɗi, ke ma kin faɗi," in ji shi. "Me kike jira? Can wajenmu kullum rana."

"Rana? Ƙadangaruwa ka ɗauke ni?"

"Ɗakinki na nan an gyara, ga jikokinki."

"Jikokin da ba su san ranar Lahadi ana ƙwallo ba. Kai ka lalata su."

Ta leƙa wajen Eugene Dombeck, maƙwabcinta, tsohon direban bas, ko zai tsaya mata. Ta tarar ya sauke tutar ƙungiya daga ƙofarsa.

"Ni bana ko burushi ba zan taɓa ba," ya ce. "Sun kori namiji sun kawo mana jariri."

"Kai ranar da aka fara ba ka bas ba jariri ba ne? Wa ya hau kan shingen coci da ita?"

"Ƙanƙara ce ta ja ni!"

"Ƙanƙara a watan Yuni? Tafi can, tsohon banza."

Asabar da safe Darrell ya fita ɗauko dillaliya. Motarsa na shan kwana Verna ta jawo ƙarfen da take dogarawa, ta rataya bokitin fenti a jikinsa, wanda ta sayo tun kafin ta faɗi, ta taka a hankali har gaban bangon da ke kallon fili. Ta tsoma burushi ta zabga shuɗi a kan farin nan.

Eugene ya fito da kofin kofi a hannu ya saki baki.

"Verna! Kin haukace? Bangon gida ne fa, ba katanga ba!"

"Kunne ne ya mutu, ido na nan."

Hannunta bai wuce kafaɗa ba, ƙugu na zugi, fenti na zuba a takalminta. Eugene ya tsaya kallo, ya yi tsaki, ya shige gida. Sai ga shi da tsani.

"Ba don ƙungiya na zo ba," ya ce. "Don kar ki ba unguwa kunya ne da wannan jagwalgwalon."

"Hau, ka rage baki."

Warin fenti kamar kira ne a wannan titin. Wannan ta fito da burushinta, wancan ya turo murhun gashi. Kafin hantsi ya dubi ludayi bango ya zama shuɗi tun daga ƙasa har rufi, Eugene na bisa tsani yana gunaguni yana rubuta abin da Verna ke faɗa masa: KU BA YARON NAN ƘWALLO.

A haka Darrell ya iso da dillaliya da wasu miji da mata masu tsafta. Dillaliya ta dafe ƙirji. Mijin ya yi murmushin dole ya ce ba komai, ai ana iya shafewa.

"Ana iya," in ji Verna. "Ni kuma in sake. Akwai saura a gareji."

"Mama, ke fa kika ce a sayar!"

"Magani ne ya ce. Yanzu ni ke magana, kuma gidan nawa ne."

"In kika sake faɗuwa fa? Ke kaɗai?"

"In na yi ihu har cikin fili za a ji. Tambayi Eugene."

"Wallahi za a ji," in ji Eugene daga sama.

Baƙin suka koma mota. Darrell ya dubi bango, ya dubi uwarsa da fenti har a gashi, ya sauke numfashi.

"To. Zuwa ƙarshen kakar wasa. Daga nan mu sake magana."

"Ƙarshen kaka sai Fabrairu, bayan mun ɗauki kofi."

"Da wannan jaririn?" Eugene ya kusa faɗowa don dariya.

"Riƙe tsaninka, ba da kai nake ba."

Lahadin wasan farko tun da hantsi ta sa aka fito mata da kujera gaban bango, ta lulluɓe ƙafafu da tsohon bargon Norbert. Tutar Eugene ta koma ƙofarsa, ya ce wai wanki ya kai ta. Motar 'yan wasa ta ɓullo ta rage gudu. Direba ya nemi katanga bai gani ba, sai ya ga gida, ya kwanta a kan oda. Verna ta juya masa kunnen mai ji.