Rahoton da Na Rubuta a Kan Matuƙiyar Jirgin Feshi

Akwai abin da na aikata ina malamin gona wanda har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. Shekarar ce tsuntsayen jan-baki suka sauka wa dawa a yankin Ƙafur, aka turo ƙaramin jirgi mai kujera biyu ya yi feshi a fadamar da suke kwana. Ni aka sa in zauna kusa da matuƙi in tabbatar an yi ƙasa-ƙasa, don in aka yi daga sama iska ce ke kwashe maganin.

Matuƙin mace ce, iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Funtuwa aka haife ta, Hausa kuwa kamar ta fi ni. Ni kuma lokacin ji nake ba wanda ya kai ni sanin awo. Tun kafin mu tashi na sa ta nuna mini agogon da ke faɗin nisan jirgi daga ƙasa, na kafa masa ido.

Da la'asar sakaliya muka gangaro kan fadamar a guje. Allurar agogon ta nuna ƙafa ɗari da hamsin. Na ce, “Kyaftin, ƙara yin ƙasa mana.”

Ta ce, “Malam, leƙa taga.”

Na ƙi leƙawa, tsoro nake ji, amma ban faɗa ba. Da muka sauka ta yi mini bayani a tsanake. Ta ce da nauyin iska agogon ke aiki, ta wata 'yar huda a gefen jirgi. In gudu ya yi yawa, iskar da ke shafar hudar takan ruɗe shi ya ƙara tsayi, in kuma ana gangarowa sai ya makara. Kusa da ƙasa ido ake bi. Na ce a raina, wayo dai! A ranar na rubuta cewa ta yi feshi daga sama, na sa hannu. Bayan kwana uku aka janye ta daga aikin.

Bayan mako biyu na koma duba gonaki. Tsuntsu ya ragu ƙwarai. Wani dattijo mai gona a bakin fadamar ya tare ni, ya ce, “Malam, ina yarinyar nan mai jirgi? Wallahi ina tsaye a nan ta wuce, kan rimin can ya fi ta tsayi. Har faɗuwa na yi cikin kunyar gona.”

Na ce, “Baba, ka tabbata?”

Ya ce, “Haba Malam, ni da na ga fuskarka? Idonka na ƙasa kamar mai karatu.”

Rimin nan na san shi, bai kai ƙafa tamanin ba. Kunya ta rufe ni. Na sake rubuta takarda na ce kuskurena ne, na kai da kaina. Aka karɓa aka ajiye. Ba a dawo da ita ba, ban kuma sake ganinta ba balle in nemi gafara.

Tun daga nan na gane kowane ma'auni yana da inda gaskiyarsa ta tsaya, kuma mai aiki da shi kullum ya fi ɗan kallo sanin wurin. Ban ƙara sa hannu a kan aikin wani ba sai na leƙa da idona.