Na'urar Awon Danshi a Gonar Malam Hammanjoda

Malam Hammanjoda ya shekara talatin yana koyar da lissafi a wata firamare a Jalingo kafin ya yi ritaya ya koma gonar mahaifinsa a Iware. Mutum ne mai ƙa'ida, har ana yi masa tsiya a kai. Da ma'aikatan wani shirin noma suka zo neman gonar da za su binne na'urar awon danshin ƙasa, kowa shi ya nuna.

Rauda, jami'ar shirin, ta yi masa bayani. Tauraron ɗan'adam yana hango danshi daga sama, amma a dunƙule yake ganin yanki, bai san fadama ba bai san tudu ba. Sai an haɗa da awon ƙasa lissafin yake daidaita. Aikin Malam shi ne ya karanta lambar na'urar kowace safiya ya tura ta waya.

Damina biyu bai taɓa fashi ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi sai da ya rarrafa ya je.

A shekara ta uku, bayan ruwan farko, saƙo daga ofishin shirin ya shigo wayoyin manoma cewa ƙasa ta jiƙu, a yi shuka. Na'urarsa kuwa ta nuna akasin haka. Ya tona da hannu, ƙasar ta ƙi dunƙulewa. Ya bi maƙwabta gida-gida yana cewa su dakata, suka ce ai bai fi ofis sani ba, suka yi shukarsu. Aka yi kwana goma sha biyu babu ko ɗigon ruwa, masarar da ta tsiro ta ƙone.

Ya hau mota sai ofishin Rauda a Jalingo, rai a ɓace.

"'Yata, lambobin da nake turowa, ina suke zuwa?"

Rauda ta daɗe tana duba kwamfuta, sannan ta sunkuyar da kai. "Suna nan, Baffa. Mai haɗa su da na tauraron ya bar aiki tun bara, ba a kawo wani ba."

"Wato shekara guda ni kaɗai nake karanta su?"

"Na rubuta wa manya sau uku."

"To nuna mini yadda ake haɗawar, in yi da kaina."

Ta ce ita ma ba a koya mata ba.

Ya koma Iware ya raba wa maƙwabta ragowar irin da ya ajiye. Har yau yana tura lambar kowace safiya, yana tsaki, kuma har yau ba a cike gurbin ba.